Wuƙar farauta ta yi tsatsa a cikin kube

Malam, ka ce wuƙar farautarka ta maƙera ta yi tsatsa cikin kubenta da damina, kana tambaya ko ta lalace ke nan. Ba ta lalace ba. Ka jiƙa tsumma, ka dangwali toka mai laushi ka murje ta har jan nan ya fita, ka goge ta bushe ƙarau, sannan ka shafa mata man keken ɗinki kaɗan. In kana fiɗa da ita, man kaɗanya ya fi. Kar ka sa man gyaɗa, ko da yake shi muka fi samu nan Maraɗi, don yana yin danƙo ya kama ƙura.

Laifin na ajiya ne. Maƙeranmu da sifirin mota suke ƙera irin waɗannan wuƙaƙe, ƙarfe ne mai ɗaukar kaifi sosai amma ba ya jure laima, fatar kube kuwa, wadda aka jeme da bagaruwa, tana riƙe danshi ta kwantar da shi a kan ruwan wuƙar. Ni tawa daga Yuni har Satumba a tsumma mai maiƙo take kwana, kube na rataye gefe. Sai dai in tsatsar ta shige ƙarƙashin mariƙi har ya fara girgiɗi, kai wa maƙeri ya cire ya duba kafin ka sake fita daji da ita.