Allurar mitar babur ta kwanta, sabuwar waya ta sake tsinkewa: inda za a duba kafin a sayi mita

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce allurar mitar gudu ta babur ɗinka ta fara rawa, ƙara ta biyo baya, daga nan ta kwanta a kan sifili. Ka sa sabuwar waya, kwana uku ta sake tsinkewa, yanzu kana tunanin sayen sabuwar mita. Dakata da sayen mitar tukuna. Wayar da ta tsinke cikin kwana uku ba ita ce mai laifi ba, akwai abin da ke cinye ta, kuma in ba a gano shi ba ta ukun ma haka za ta tafi.

Abu uku ne ke aiki a irin wannan mita: giyar da ke jikin tayar gaba, wayar da ke juyawa a cikin rigarta, sai ita mitar. Taya na juya giya, giya na juya waya, waya kuma na juya wani ɗan maganaɗisu a cikin mitar. Maganaɗisun yana juyawa ne a cikin wani ɗan kofi na alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba, ƙarfinsa ke jan kofin, kofin ke ɗaga allura, wani siririn sifirin kamar gashi kuma yana jan ta baya zuwa sifili. Lambobin kilomita su ma daga wannan wayar suke samun juyi, ta wasu ƙananan haƙora na daban.

Saboda haka kafin ka ɗauki sifana, lambobin nan za su gaya maka rabin labarin. In allura ta mutu amma lambobi na ƙirgawa, waya da giya lafiyarsu ƙalau, ciwon yana cikin mita. In allura na aiki lambobi sun tsaya, nan ma cikin mita ne, haƙoran lambobin sun cinye. In duka biyun sun tsaya lokaci guda, kamar yadda ya faru da kai, juyi ne ba ya isowa sama.

Kar ka jefar da wayar da ta tsinke. Zaro ta cikin ka duba inda ta yanke. In ta yanke can sama kusa da mita, silinta ya murɗe ya warware kamar igiya, to mitar ce ta cije, giya na juyawa daga ƙasa sama kuma ta ƙi. In a tsakiya ta yanke, ka duba rigar daidai wurin, za ka tarar da lanƙwasa mai tsanani ko wurin da wuyan babur ke matse ta. In a ƙasa ne kuma ga tsatsa, ruwa ne ya kwanta a ciki, daga damina ko daga wurin wanki. Rawar allura da ƙarar da ka ji kafin ta mutu sun fi kama da na farko ko na biyu.

Gwajin mita ba ya buƙatar kayan aiki. Kwance notin da ke bayanta, ka yanko guntun tsohuwar waya ta wajen bakinta mai kusurwa huɗu, ka zura a ramin, ka murza da yatsu biyu. Lafiyayyiyar mita za ta juya sumul, allura ta ɗan yi tsalle ta koma. In ka ji tauri ko tana kamawa tana saki, man da ke bakin sandar da waya ke juyawa a cikin mitar ya bushe ya haɗu da ƙura. Kifa mitar, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu a gefen sandar da ke juyawa, ka yi ta murzawa har ta saki. Ɗigo biyu na ce. In mai ya yi yawa zai gangara cikin kofin, allura ta riƙa nauyi ko ta riƙa haurawa sama babu dalili, kuma wannan sai an fasa mitar kafin a wanke. Kar a zuba baƙin mai, kar a fesa fetur.

In akwai injin huda na hannu a kusa, haɗa wayar da mita, ka kama ƙasan ta cikin da bakin injin, ka kunna a hankali. In allura ba ta motsa ba ka sauya wa injin hannu, domin yawancinsu ta baya suke karɓa. Allura ta tashi ta tsaya cak ba rawa, mita da waya sun fita daga zargi. Mitoci da yawa na ƙirar Japan da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su an yi su ne a kan juyi 1400 a minti ɗaya ya ba da kilomita 60 a awa, wasu ma an rubuta haka a jikinsu. Wannan lamba za ta yi maka amfani in har ta kai ga saye.

Sai ƙasa. Mayar da ƙasan wayar cikin giya, ka bar samanta a sake. Ɗora babur a kan babbar ƙafa, wani ya danne baya, ka juya tayar gaba yadda take tafiya. Ka ga bakin wayar na juyawa, to kar ka tsaya nan, kama shi da yatsu ka ɗan matse. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa: giyar da haƙoranta suka cinye tana iya juya waya in babu nauyi, da an ɗora mata mita sai ta riƙa zamewa. In ka matse ta tsaya alhali taya na juyawa, ko dai bakin wayar na ƙasa ya goge ya zama kewayayye, ko giyar ta tafi. Da taya 2.75-17 da mita mai 1400, juyin taya ɗaya ya kamata ya ba ka kusan juyin waya biyu da rabi.

A babura masu birkin dram a gaba, irin waɗanda suka cika hanyoyinmu, giyar tana cikin farantin birki, dole a sauke taya. Za ka ga babbar giya mai zagaye, sau da yawa ta roba ce, da ƙaramar giya ta ƙarfe da waya ke shiga. Akwai kuma 'yan kunnuwa biyu da ke shiga gurbinsu a jikin cibiyar taya, su ne ke ɗauko juyin. Waɗannan kunnuwa su ne abin da ya fi lalacewa, kuma yawanci ba tsufa ke kashe su ba. Wurin faci ne ko canjin birki: a mayar da faranti ba a daidaita kunnuwan da gurbinsu ba, a ɗaure notin aksil da ƙarfi, su lanƙwashe ko su karye. Duk wanda mitarsa ta mutu ranar da aka sauke masa tayar gaba, nan zai fara dubawa. Na ƙarfe in sun lanƙwashe kaɗan ana iya miƙe su da filaya. Na roba in sun karye sai sabuwa, ka tafi da tsohuwar kasuwa ka ƙirga haƙoranta, domin giyoyin suna kama da juna a ido amma yawan haƙoran ya bambanta.

Wanke tsohon giris da kananzir, ka bari ya bushe, ka shafa sabo daidai yadda zai rufe haƙora. Ka duba robar da ke tare giris ɗin. In ta yage ka canza ta, domin giris da ya zubo kan takalman birki zai hana babur tsayawa, kuma wannan ya fi mutuwar mita haɗari nesa ba kusa ba. Wajen mayarwa, juya farantin da hannu har ka ji kunnuwan sun faɗa gurbinsu ya zauna daram, sannan ka tabbatar tsagar farantin ta shiga ƙarfen da ke riƙe ta a jikin shokzoba. Ɗaure noti, mayar da fil in akwai, juya taya ka kama birki sau da yawa kafin ka hau.

Game da sabuwar waya, auna ta da tsohuwar ta asali, riga da riga, ta ciki da ta ciki. Ta cikin in ta yi tsawo ko da kaɗan ne, tana tokare sandar mita in an ɗaure noti, sai ƙara da rawar allura, daga baya ta cinye mitar. In ta gaza kuma ba za ta kama da kyau ba. Zaro ta ka shimfiɗa a kan benci ka mirgina ta. In tana tsalle a wani wuri ta lanƙwashe, a mayar wa mai shago. Da yawa a bushe suke zuwa, don haka ka shafa mata giris mara kauri sama-sama, ka bar kamar santimita 15 na sama babu komai, saboda juyin wayar na tura giris sama zuwa cikin mita.

Bi da ita ta hanyar da kamfani ya tanada, ta cikin 'yan maƙalan da ke jikin shokzoba da madigadi, lanƙwasarta ta zama mai faɗi. Kar a ɗaure ta tamau da roba. Fara sa ƙasa, ka juya taya kaɗan har bakin ya shiga, sannan sama. Notin sama da hannu ake ɗaure shi, a ɗan ƙara da filaya. Juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka danna gaba shokzoba ta nutse ta dawo, ka ga ko akwai inda wayar ke miƙewa ko matsewa.

In ta tashi amma kana shakkar abin da take nunawa, gwada ta da GPS na wayar salula a kan miƙaƙƙiyar hanya, wani a bayanka ya riƙe wayar, kai idonka na kan titi. Mita ta ɗara GPS da kilomita uku ko huɗu ba ciwo ba ne, haka ake yin su. In tana nuna ƙasa da gudun gaske, duba girman taya: wanda ya koma rim 18 daga 17 mitarsa za ta rage kusan kashi 4 cikin 100.

Inda mitar ta cancanci canji shi ne in ka ɗiga mai ta ƙi saki, ko sandar na girgiɗi a raminta, ko allura ta ƙi komawa sifili saboda sifirin ya tsinke. A nan ka nemi mai lambar juyi ɗaya da taka, ka gwada notin wayarka a bayanta tun a shago, don zaren ba iri ɗaya ba ne a kowace.