Ta yaya mutum ɗaya ya horar da ƙwallo iri biyu a jami'a?

Tambaya: Malam, na karanta cewa a Amurka an taɓa yin kocin da aka karrama a ƙwallon ƙafa irin tasu, aka kuma karrama shi a ƙwallon kwando. Shin hakan ya faru da gaske? Ni na san koci wasa ɗaya yake riƙewa.

Amsa: Ya faru, kuma mutumin da kake nufi shi ne Amos Alonzo Stagg. Da farko dai mu bambance: ƙwallon ƙafar da ya horar ba irin tamu ta Kano Pillars ba ce, ita ce wadda ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a yi ta turereniya da ita.

An haife shi a 1862 a West Orange, jihar New Jersey. Ya shiga jami'ar Yale da niyyar zama limamin coci, sai ya gane cewa wa'azi a kan mumbari ba hannunsa ba ne, ya koma wasanni. A Yale ya yi fice a wasan besbol, kuma sunansa na cikin jerin gwanayen ƙwallon ƙafa na ƙasa na farko da aka fitar a 1889.

Amsar tambayarka tana Springfield, jihar Massachusetts. A 1890 Stagg ya je makarantar horar da malaman motsa jiki ta ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA, ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Cikin 'yan wasansa akwai wani ɗan Kanada mai suna James Naismith, wanda a ƙarshen 1891 ya ƙirƙiro ƙwallon kwando, da kwandunan tsinkar 'ya'yan itace da aka rataye a bango. A watan Maris na 1892 aka buga wasan farko a gaban jama'a, ɗalibai da malamai. Ɗalibai suka ci 5 da 1, kuma wannan ƙwallo ɗaya tilo ta malamai Stagg ne ya jefa ta. Ka ga ke nan, wasan a gabansa aka haife shi, ba a yi wani ƙwararre ba tukuna da za a ce ya fi shi sani.

A wannan shekarar William Rainey Harper, shugaban sabuwar jami'ar Chicago kuma tsohon malaminsa a Yale, ya ɗauko shi ya ba shi sashen motsa jiki gaba ɗaya, da matsayin malamin jami'a. A wancan zamani haka aikin yake: mutum ɗaya, kaka ta yi ya riƙe ƙwallon ƙafa, sanyi ya shigo a koma ɗaki a yi kwando, bazara a fita besbol da tsere. A Janairun 1896 ƙungiyar Chicago ta buga da jami'ar Iowa, mutum biyar-biyar, ta ci 15 da 12, kuma ana ɗaukarsa wasan jami'o'i na farko a wannan tsari. Daga 1917 kuma ya riƙa shirya gasar kwando ta makarantun sakandare na ƙasa baki ɗaya a Chicago. A ganina waɗannan ne suka ba shi suna a kwando, fiye da horarwar da ya yi da kansa.

Shekara 41 ya yi a Chicago yana horar da ƙwallon ƙafa. Da ya cika 70 suka ce ya yi ritaya, ya ce shi bai gaji ba, ya tattara ya koma College of the Pacific a California a 1933. A 1943, yana da shekara 81, aka zaɓe shi kocin shekara. Bayan nan ya taya ɗansa aiki a jami'ar Susquehanna, bai ajiye usur ba sai da ya haura shekara 90.

An sa shi a zauren gwanayen ƙwallon ƙafa na jami'o'i a 1951, a matsayin ɗan wasa da koci, sannan a na ƙwallon kwando a 1959, cikin rukunin farko. Ya rasu a Stockton a 1965 yana da shekara 102.