Inshora ta ƙi biyan kuɗin hoto, asibiti kuma ya riƙe mana takardu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara tara ke nan muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. Maigidana direban tasi ne, ciwon baya ya sa shi gaba har likita ya ce a yi masa hoton MRI. Kamfanin inshora ya aiko wasiƙa wai hoton bai zama dole ba, ba za su biya ba. Da na je asibiti karɓar takardun jinyarsa, ma'aikaciyar ta ce sai mun biya bashin da ake bin mu tukuna. Ina mafita? Wata 'yar'uwa daga Bronx.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya.

Maganar ma'aikaciyar nan ba ta da tushe. Dokar tarayya ta HIPAA, wadda aka kafa a 1996, ta ba majinyaci haƙƙin karɓar bayanan jinyarsa, kuma bashin asibiti ba ya soke wannan haƙƙi. Jihar New York ta ƙara nata a sashe na 18 na dokar lafiyar jama'a: idan an nema a rubuce, dole su ba da damar duba takardun cikin kwana 10, kuma kuɗin kwafi ba zai wuce santi 75 (santi 100 ne dala ɗaya) kowane shafi ba. Ko mutum ba shi da ko sisi, ba a hana shi saboda rashin kuɗi. Sai dai ki lura, takardun na maigida ne. Shi zai rubuta buƙatar ya sa hannu, ko ya ba ki izini a rubuce. Ku riƙe kwafi mai kwanan wata.

Wasiƙar inshorar kuwa, ina roƙonki kada ki jefa ta cikin durowa. Abin da ya fi ci min rai ke nan da mutanenmu: takarda ta zo da Turanci mai kauri, sai a ce ƙaddara ce, a haƙura, alhali agogo yana tafiya. Kuna da kwana 180 ku ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Ku sa likitan ya rubuta dalilinsa dalla-dalla: tsawon lokacin ciwon, magungunan da aka gwada, gashin da aka yi bai yi amfani ba. A nan ne takardun asibitin za su yi muku rana.

Idan suka sake ƙi, kuna da wata 4 ku kai maganar gaban hukumar jihar mai sa ido kan kamfanonin inshora, wato DFS. Za a miƙa ta ga likitocin da ba sa cin albashin kamfanin, su yanke hukunci cikin kwana 30, ko awa 72 in likita ya tabbatar jinkiri zai cutar da majinyaci. Kuɗin shigarwa bai wuce dala 25 ba, ana yafe wa mai Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi) da wanda ba shi da hali, kuma hukuncin dole ne kamfanin ya bi shi.

Abu ɗaya zai iya canza hanyar. Wasu manyan ma'aikatu da aljihunsu suke biyan jinyar ma'aikatansu, irin wannan tsari yana ƙarƙashin dokar tarayya ta ERISA ta 1974, dokar jiha ba ta kai gare shi ba. Idan ta wurin aikinki kuka samu inshorar, ki kira lambar da ke bayan katin ki tambaye su wannan tun gobe da safe.