Kashi 99 ɗin nan ba asara bane

Toh ɗana, jiya muna rufe shago ka min tambaya ban samu na baka amsa ba, kace ka gani a takardar cikin kwalin warfarin, maganin nan na hana jini daskarewa, wai kashi 99 cikin 100 na maganin manne yake da furotin ɗin jini, shine kake cewa kenan kashi 1 ne kawai ke aiki sauran kuɗin mutum ya tafi a banza? A'a, ajiya ce.

A ruwan jini akwai furotin da hanta ke yi sunansa albumin, shi yafi kowanne yawa, mai lafiya zaka samu giram 35 zuwa 50 a kowace lita. Ka ɗauke shi kamar motar haya mai zagaya gari. Magani na shiga jini sai mafi yawansa ya haye mota, ɗan wanda ya rage a ƙasa shine ke iya ratsawa ya shiga tsoka yayi aiki, kuma shi hanta da ƙoda ke kamawa su fitar, ana fitar dashi sai wani ya sauko ya maye gurbinsa, wannan na cikin abin da yasa wani maganin ke daɗewa a jiki.

Shi kansa warfarin asalinsa daga ciyawa ne fa. A shekarun 1920 shanu a Kanada da arewacin Amurka suka riƙa zubar da jini suna mutuwa bayan sun ci harawar da tayi fumfuna, Karl Link na jami'ar Wisconsin da mutanensa suka ciro sinadarin, daga nan aka ƙera warfarin, 1948 ya fito a matsayin maganin ɓera, sai 1954 aka yarda a baiwa mutane.

Kuma ba duk abin tsiro ne ke son mota ba. Sinadarin goro mai hana barci yawancinsa a ƙasa yake tafiya. Amma kwasetin na cikin albasa kusan dukansa hayewa yake, kuma kujerar da warfarin ke zama ita yake nema. Na kurkum ma yana hawa.

Wanda yafi burge ni kwinin ne, na ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka da aka tace a Faransa a 1820. Shi ba albumin yafi bi ba, akwai wani furotin da muke cewa AGP wanda hanta ke ƙara yawansa idan jiki ya kamu da ciwo, toh idan zazzaɓin cizon sauro yayi tsanani motocin nan sai su ƙaru, sama da kashi 90 na kwinin ya haye, shi yasa mara lafiya ke iya jure adadin da in a jinin mai lafiya ne sai yafi wahalar dashi. Allah mai iko, ciwon da kansa ya kawo garkuwa.

Yanzu ga inda ya shafi aikinmu. In wani abu ya ture warfarin daga kujerarsa, na ƙasa ya tashi daga kashi 1 zuwa 2, ai ya ninka kenan, amma gaskiya hanta mai lafiya tana saurin share rarar, don haka kar ka tsorata dattijo da albasar miya. Abin da nake tsoro kafso na ganye da aka tattara da ƙarfi, da jiƙon da ba'a san me ke ciki ba, don wasu har aikin hantar suke taɓawa. Sai kuma mutumin da motocinsa suka yi ƙaranci, mai ciwon hanta, mai ƙodar da ke zubar da furotin a fitsari, yaro mai tamowa da ya kumbura.

Duk wanda yazo da katin warfarin ka tambaye shi cikin ladabi, Baba akwai wani jiƙo ko sassaƙe da ake sha a gida? In yace eh kar ka masa faɗa, kar kuma ka taɓa masa adadin ƙwaya, ka rubuta sunan abin a takarda ya kaiwa likitansa a masa gwajin INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, sannan ka kira ni.