Ga mai tambaya kan harshen Denmak da na Lituweniya

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a ƙasashen biyu, kana son sanin harshen da ya fi sauƙi, da kuma ko Turanci kaɗai zai ishe ka. A aji zai ishe ka. Wajen neman aiki kuwa, da sauran magana.

Harshen Denmak mutum wajen miliyan 6 ke yinsa, ana kuma koyar da shi a Girinlan da tsibiran Faro, akwai masu yinsa a arewacin Jamus. Ɗan uwan harsunan Nowe da Suwidin ne. In ka iya shi, jaridar Nowe ba za ta gagare ka ba. Nahawunsa ba wuya ga wanda ya yi Turanci, domin aikatau ba ya sauyawa, ko ni ne na yi ko su ne. Matsalar a kunne take. Suna haɗiye baƙaƙe, abin da aka rubuta daban, abin da ya fito daga baki daban. Akwai wata 'yar tsayawa a maƙoshi da suke kira stød, kusan irin tamu ta cikin sa'a, ita ke raba hun, wato ita, da hund, wato kare. Shi ya sa mutum zai iya karanta wasiƙar hukuma amma mai kanti ya yi magana ya rasa kanta. Da zarar ka samu lambar CPR, wato lambar shaida da ake ba mazauna Denmak, yi rajistar ajin harshe a ƙaramar hukumarka. Ana ajiye kurona 2,000, a mayar maka in ka ci jarrabawar matakin a kan lokaci. Kada ka bari sai shekarar ƙarshe: takardar zama ta dindindin tana buƙatar cin jarrabawar harshe ta hukuma da ake kira Prøve i Dansk 2.

Na Lituweniya kuwa masu shi kimanin miliyan 3 ne, kuma ba Rashanci ba ne, kada ka yarda a ruɗe ka. Danginsa na kusa shi ne na Latbiya, su ma ba sa fahimtar juna. Yadda aka rubuta haka ake faɗa, kuma Bahaushe ya riga ya saba da dogon wasali da gajere. A nahawu ake shan wuya. Suna ɗaya yana da siga 7, misali sunan babban birninsu: garin Vilnius ne, a cikinsa Vilniuje, zuwa can į Vilnių, daga can iš Vilniaus. Ka haddace kowace kalma tare da jimlarta, in ba haka ba za ka tara kalmomi ka kasa haɗa su.

Idan likitanci za ka karanta a birnin Kaunas na Lituweniya, da Turanci ake koyarwa, amma tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti da harshenta za ta gaya maka inda ke mata ciwo. Daga Janairun 2026 kuma, baƙon da ke hulɗa da kwastomomi a Lituweniya dole ya iya ɗan abin da zai sallame su da shi a harshen ƙasar.

A ganina, in kana da niyyar zama a arewacin Turai bayan karatu, harshen Denmak ya fi buɗe ƙofofi, sai dai ka fara sauraron rediyonsu na DR tun kana gida, ko da minti 20 a rana.