Ruwan masbah (kwamin iyo) na unguwarmu yana komawa kore, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni daga Wad Madani a Sudan nake rubuto maka. Akwai wani tsohon masbah a unguwarmu, na wani kulob ne da aka daɗe da rufewa, mu matasa muka yi gayya muka kwashe shara muka liƙe tsagar muka cika shi da ruwa saboda yara su daina zuwa tur'a, wato magudanar ruwan ban gonaki. To amma kwana uku ba a yi ba ruwan ya zama kore. Me muka yi ba daidai ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri, wannan aiki ne babba. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe magudanan Jazira yaranmu ke wanka a tur'a, kuma daga nan tsargiya ke kama su, saboda ƙananan dodon koɗin da ke cikin ruwan su ne ke ɗauke da tsutsar, tana shiga ta fata kawai ba sai yaro ya sha ba. Duk yaron da kuka raba da tur'a kun raba shi da fitsarin jini.

Amma fa liƙe tsaga da cika ruwa shi ne mai sauƙin. Koren da kuke gani gansakuka ce, kuma tana fitowa ne idan kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ƙare a cikin ruwa ko famfo baya juya shi. Hasken ranar Sudan ɗinnan yana cinye kulorin cikin 'yan awoyi, shi ya sa ake zuba shi bayan magariba ba da tsakar rana ba. Ku sayi ɗan abin gwaji mai kwalba biyu, kuna ɗiga magani ruwan ya canza launi, a gwada safe da yamma kullum. Kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa (pH) kuma 7.2 zuwa 7.8, idan pH ya haura 8 to ko ka zuba kulorin da yawa ƙarfinsa ya ragu sosai, kuɗi kawai kake zubarwa.

Sai famfo, nan ne yawanci ake faɗuwa. Masbah mai tsawon mita 25, faɗin 10, zurfin 1.5 lita 375,000 ke ciki, kuma ana so duk ruwan nan ya bi ta matatar yashi kamar cikin awa 6. Da yadda wuta take yanzu ina ganin kuɗin farko da kuka tara ya tafi kan sola ta famfo, fenti da kujeru su jira. Bayan kowace habub (guguwar ƙura) a maida ruwa baya a wanke matatar, in ba haka ba ƙura ta toshe ta.

Garin kulorin kuma a kula don Allah, a zuba shi cikin bokitin ruwa, kar a zuba ruwa a kansa, kar a haɗa shi da asid ko a ajiye su ɗaki ɗaya, iskar da ke tashi tana iya kashe mutum. Makulli ya zauna hannun mutum ɗaya babba.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne zawo, ga kwalara da ta yi ta yawo a ƙasar nan. Mai gudawa kar ya shiga, har sai ya yi sati biyu da warkewa, akwai ƙwayar da kulorin baya kashe ta da wuri. Ranar da gwaji ya nuna babu kulorin ko kuma ba a ganin ƙasan masbah ɗin daga baki, a rufe ƙofa ko yara za su yi kuka.

Ku rubuta jerin sunaye a manna a bango, wane ne mai gwaji ranar Asabar, wane ne mai tsaro, kuma kar a buɗe sai akwai babba wanda ya iya iyo yana tsaye a baki ba waya a hannunsa. Ku ja igiya ta raba wajen zurfi da na ƙananan yara, a ware wa 'yan mata nasu lokacin da mace mai tsaro. Ruwan yanzu da ya riga ya yi kore, ku zuba kulorin mai yawa da dare, ku goge bango da buroshi, famfo ya kwana yana aiki, kar kowa ya shiga sai ruwan ya washe gwaji ya sauko ƙasa da 3.