Amsa: Na'urar auna ƙarfin damƙar hannu, wacce za a saya?

Ɗan'uwa, ka ce kuna son auna ƙarfin hannun tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki a asibitinku nan Maradi, kana tambayar wacce za ku saya.

Jamar, mai aiki da mai a cikinta, ita likitoci suka fi yarda da ita. Tana kai kilo 90. Amma tana da tsada da nauyi, layukan ma'auninta kilo biyu-biyu ne, shi ya sa marar ƙarfi sosai da kyar yake motsa allurar da ke nuna adadin. Ga irin majinyatanku na fi son mai batir, kamar Camry EH101, tana nuna har ɗigon kilo. Ku riƙa cire batirin in an ajiye, zafin bazara na sa ya zubo.

Awon kansa shi ne wurin kula. Majinyaci ya zauna, hannu manne da haƙarƙari, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, babban yatsa sama. A Jamar a sa mariƙin a rami na biyu, a maida allura sifiri. Ya matse iya ƙarfinsa daƙiƙa 3 zuwa 5, sau uku kowane hannu, da hutun minti ɗaya. In ya miƙe hannu ko ya danna na'urar a cinya, adadin ya ɓaci, a sake.

Ma'aunin Turai na 2019 ya ɗauki ƙasa da kilo 27 ga namiji, 16 ga mace a matsayin rauni, amma daga Turawa aka samo shi. Gara ku kwatanta mutum da awonsa na baya, da na'ura ɗaya. Lokaci-lokaci ku rataya mata nauyin da kuka tabbatar kilo 20 ne ku ga ko tana faɗin daidai.